Ranar da Baba Mai Lambu Ya Riƙe Hannun Dakta

Akwai wata mata da na daɗe ina son ba ku labarinta a wannan shafi, sai yau na samu zama. Ku karanta har ƙarshe.

Ma'aikaciya ce a wani kamfanin gine-gine, kuma ita ce sakatariyar wata ƙungiya ta masu sha'awar furanni da shuke-shuken ado. Kowa a ƙungiyar Sakatariya yake ce mata. A gida kuwa Auta ake kiranta, don ita ce ƙaramar 'ya'yan mahaifinta.

Ƙungiyar ta manyan mutane ce: likitoci, lauyoyi, masu makarantu, matan masu kamfanoni. Duk Asabar ta ƙarshen wata suna haɗuwa a zauren taro na wani ɗakin karatu, su gayyato baƙo mai jawabi ya yi musu bayani kan renon furanni, askin shinge, takin tukunya da makamantansu.

Ana yabon hannun Sakatariya. Furen da ya kusa mutuwa a gidan wata, in an kai mata, sai ya dawo kore shar. In an tambaye ta inda ta koya, sai ta yi murmushi ta ce karance-karance ne kawai.

Ba karance-karance ba ne. Mahaifinta ne ya koya mata. Shekara talatin da takwas ya yi yana aikin lambu a wani babban otal, da fartanya da almakashi da butar ban ruwa. Da wannan aikin ya yi wa 'ya'yansa biyar karatu. In 'yan ƙungiya sun tambayi aikin mahaifinta, sai ta ce tsohon ma'aikacin otal ne, ta yi sauri ta sauya zance.

A watan da abin ya faru, baƙon da aka gayyato babba ne. Wani Dakta ne da ke da shiri a talabijin kan lambun gida, yana kuma da gonar renon dashe a bayan gari. Wata huɗu Sakatariya ta yi tana bibiyar ofishinsa kafin ya amsa. Ga zaɓen ƙungiya ya matso, ana ta raɗe-raɗin ita za a ba muƙamin mataimakiyar shugaba in taron ya yi kyau.

Daktan ya yi alkawarin kyauta kuma. Shugabar ƙungiyar, wata Hajiya mai zafin rai, tana da makarantar ƙananan yara. Ya ce zai ba makarantar dashe ɗari biyu na wani fure mai launin rawaya, a yi shinge da shi a kewaye filin wasa. Har Hajiya ta aika wa iyaye takarda cewa ranar Litinin kowane yaro zai dasa nasa da hannunsa.

Da safiyar Asabar ɗin, mahaifin Sakatariya ya iso da tukwanen fure goma sha biyu a motar ɗaukar kaya, don ita ta roƙe shi aro a ƙawata zaure. Ya jera su da kansa, yana goge ganyen da tsumma. Ta lura ya sa rigarsa mai kyau, wadda ba ya sawa sai da dalili.

Da ya gama ta ce masa ya tafi ya huta, za ta sa a mayar da tukwanen da yamma. Tsohon ya ɗan tsaya yana murza hularsa. Ya ce shi fa ba ya barin shirin Dakta ya wuce shi, in da hali yana so ya zauna a baya ya gan shi ido da ido.

Ba ta so ba, amma ta kasa hana shi. Ta nuna masa kujerar ƙarshe kusa da taga, ta ce ya zauna nan, kuma don Allah kada ya sa baki a komai, taron manya ne. Ya ce to.

Suna tsaye Hajiya ta shigo, ƙamshin turarenta ya riga ta. Ta dubi tsohon sama da ƙasa ta tambayi wane ne.

"Mai kawo mana tukwane ne, Hajiya," in ji Sakatariya.

Tsohon ya ji. Ya sunkuya ya gaishe da Hajiya, ya koma yana gyara bakin wata tukunya da ba ta buƙatar gyara.

Can sai ga ma'aikatan gonar Dakta sun shigo da dashen, kowanne cikin baƙar leda, tsayinsu ya kai gwiwa. Suka jera su layi-layi a gaban dandamali. Babu wanda ya fara fure. Tsohon ya matsa ya duba, ya daɗe a sunkuye. Sai ya taso ya biyo 'yarsa har bakin tebur, ya ce da ita ƙasa-ƙasa yana da magana kan shukar nan.

A lokacin waya tana kunnenta, mai gyaran majigi yana jiranta, mutane sun fara shigowa. Ta ce, "Baba, ba yanzu ba," ta wuce.

Zaure ya cika maƙil, har aka ƙaro kujeru. Dakta ya iso a makare da kusan awa ɗaya, bai ba kowa haƙuri ba. Amma da ya fara magana aka manta. Mutumin ya iya baki. Ya nuna hotunan lambuna na ƙasashen da ya je, ya yi barkwanci kan matan da ke shayar da fure safe da rana da yamma har su kashe shi da ƙauna. Aka yi ta dariya. Ya ce babbar matsalar lambunanmu ita ce masu lambun da ba su je makaranta ba, in ka ba su almakashi sai su aske maka fure kamar kan soja. Aka sake kwashewa da dariya. Sakatariya ta yi tata dariyar, ba ta waiga baya ba.

Daga ƙarshe ya zo kan kyautar. Ya haska hoton wani shinge cike da furanni rawaya masu siffar ƙararrawa, ya ce wannan ne a gabansu cikin leda. Ba ya son ruwa da yawa, ba shi da ƙaya, ba ya cutar da yaro ko dabba, shi ya sa ya zaɓa wa makarantar. Aka yi tafi. Hajiya ta miƙe tana ɗaga hannu ga jama'a.

Aka buɗe fagen tambayoyi. Sakatariya ce ke yawo da makirufo tsakanin kujeru.

Tun kafin kowa, ta hango hannu ɗaya a can baya kusa da taga. Ta kawar da kai. Ta kai makirufo ga wata lauya a layin gaba. Lauyar ta gama, hannun yana nan a sama. Ta kai wa wani mai tambaya kan ciyawar tsakar gida. Da ta juyo, tsohon yana kallonta kai tsaye, hannunsa har yanzu a sama. Ta girgiza masa kai kaɗan, ta sanar cewa saura tambaya ɗaya lokaci ya ƙure, ta miƙa wa wata mata a tsakiya.

Sai tsohon ya miƙe tsaye. Ba shi da makirufo, amma muryar wanda ya saba kiran abokan aiki daga wancan gefen fili ce.

"Ranka ya daɗe Dakta, a gafarce ni. Furen da ke cikin hoton daban, wanda ke cikin ledar nan daban. Wannan na ƙasa guba ne. Kada a ba yara."

Kawuna suka juya baya.

Dakta ya cire gilashinsa, ya yi murmushi, ya tambayi dattijon a wace jami'a ya yi karatun tsirrai. Tsohon ya ce bai yi ba, aikin lambu kawai ya yi. Dakta ya buɗe hannu ga jama'a ya ce to ga misalin abin da ya gama faɗa yanzu ya tashi tsaye da kansa. Wasu suka yi dariya. Wasu ba su yi ba.

Tsohon bai zauna ba. Ya ce furensu ne ya yi kama, duka rawaya, amma a dubi ganyen. Na hoton yana da faɗi da baki zarto-zarto, na ledar kuwa siriri ne dogo, mai sheƙi. Ya ce a otal ɗin da ya yi aiki, 'yar wani abokin aikinsa ta taɓa haɗiyar ƙwallon irin wannan, ta yi kwana tara a asibiti, da ƙyar aka ceto ta. Washegari aka sa su suka tumɓuke shi kaf daga lambun.

Dakta ya leƙa ledojin daga saman dandamali, ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ce ganyen ƙaramin dashe yakan fito siriri kafin ya buɗe, kowane ɗalibin shekarar farko ya san wannan.

Hajiya ta yafito Sakatariya da hannu. Fuskarta a murtuke. Ta ce mata a kunne, ita ta kawo mutumin nan, ta je ta fitar da shi yanzu kafin ya gama zubar musu da mutunci a gaban baƙo.

Sakatariya ta juya za ta tafi. Hanyarta ta bi ta gaban dashen, kuma a karon farko tun safe ta dube su da kyau.

Ta san ganyen nan. Tana 'yar shekara shida ta taɓa tsintar ɗan itacensa a lambun otal tana wasa da shi, mahaifinta ya fizge ya kaɗe mata hannu, ya kai ta famfo ya wanke mata da sabulu har sau biyu. Shi ne kaɗai dukan da ya taɓa yi mata a rayuwa.

Gaskiya ya faɗa, kuma ta sani. Makirufo yana hannunta. In ta buɗe baki, ta ƙaryata baƙon da ta yi wata huɗu tana nema, a gaban Hajiya, a gaban kowa. Za a tambaye ta yadda aka yi ta sani. In ta yi shiru, jibi Litinin yara za su dasa shi. Ta tsaya a tsakiyar hanya, ƙafarta ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Dakta ya ga mutane sun fara ƙus-ƙus, wasu iyaye da 'ya'yansu ke makarantar suna kallon juna. Ransa ya ɓaci. Ya sauko daga dandamali, ya tsinko ganye uku daga dashe ɗaya, ya ɗaga su sama. Ya ce tunda maganar mai lambu ta fi shekara ashirin na bincikensa, bari ya tauna a gabansu kowa ya huta.

Ba wanda ya san tsohon yana da sauran wannan sauri. Ya ratso tsakanin kujeru, ya ture wata jaka, kafin ganyen ya kai leɓen Dakta ya cafke wuyan hannunsa da hannu biyu.

Zaure ya hargitse. Dakta yana fizga yana cewa a raba shi da mahaukacin nan. Masu gadi biyu suka rugo daga ƙofa, ɗaya ya shaƙo wuyan rigar tsohon ta baya, ɗaya ya murɗe masa hannu. Hularsa ta faɗi aka taka. Duk da haka bai saki ba, yana ta maimaita, "Ka yar, ranka ya daɗe, ka yar." Maɓallin rigarsa ya tsinke. Suka fara jansa ƙiii zuwa ƙofa, takalminsa ɗaya ya zame.

Sai murya ta fito daga lasifika.

"Ku sake shi. Mahaifina ne."

Masu gadin suka tsaya. Hajiya ta juyo da baki buɗe.

"Mahaifina ne, kuma gaskiya ya faɗa. Duk abin da na sani a kan fure shi ya koya mini. Tun safe ya so ya gaya mini, na ƙi saurara."

Ta ajiye makirufon, ta ɗauki leda ɗaya ta ɗora kan tebur, ta karya kan dashen. Wani farin ruwa mai kauri kamar madara ya tsatso, ya ɗigo kan farin ƙyallen tebur. Ta ce furen da ke cikin hoton ba ya fitar da wannan, kowa da ke da shi a gida ya sani.

Wata likitar yara da ke layi na biyu ta taso. Ta duba ganyen, ta duba ruwan, ta buɗe wayarta ta gwada da hoto. Ta ɗago ta ce dattijo bai yi kuskure ba. Ta ce ta taɓa karɓar yara a asibiti saboda wannan shukar, gubarta zuciya take taɓawa, kuma ɗan itacenta shi ne irin abin da ƙaramin yaro zai tsinta ya kai baki.

Hajiya ta nemi kujera ta zauna. Ta dafe kai. Wata uwa a baya ta fashe da kuka.

Dakta ya tsugunna, a karon farko, ya dubi dashen kusa da kusa. Ya daɗe bai ɗago ba. Ya ciro waya ya kira gonarsa a nan gaban kowa. Aka ji shi yana tambayar daga wane layi aka ɗebo, sai ya yi shiru yana saurare, sai ya kashe. Ashe ma'aikata kuskure suka yi, suka ɗebo daga layin da ke kusa da na furen. Shi kuwa ya fi shekara bai taka cikin gonar da ƙafarsa ba.

Ya buɗe hannunsa. Ganyen sun murƙushe a tafinsa, farin ruwan ya ɓata masa yatsu. Gumi yana gangaro masa, ya ɗaga hannun zai share ido.

Tsohon, da ƙafa ɗaya ba takalmi, ya sake tare hannun, a hankali wannan karon. Ya ce kada ya taɓa ido ko baki, ya zo a wanke da sabulu tukuna. Shi ya raka shi har wurin famfo, ya tsaya yana riƙe masa gilashi.

Da suka dawo, Dakta ya karɓi makirufo. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce ya yi kuskure, ya ƙara kuskure a kan kuskure da ya ƙi dubawa, kuma yana neman gafarar dattijo da iyayen yara. Ya fita ba tare da ya tsaya ɗaukar hoto ba.

Bayan an watse, Sakatariya ta samu mahaifinta a bakin matakala yana ɗaure tukwanensa da igiya. Wuyansa ya yi ja inda rigar ta shaƙe shi. Ta durƙusa a gabansa a kan siminti, da kayan adonta. Da ƙyar ta ce ya yafe mata, ba na yau kaɗai ba, na shekaru ne.

Tsohon ya ci gaba da ɗaurinsa har ya gama ƙullin. Ya ce ya daɗe da sanin tana jin kunyar sana'arsa. Tun tana sakandare da take ce masa ya tsaya a kwana kada ya ƙaraso ƙofar makaranta da kayan aiki.

"Auta, ni yau ba Dakta na ji tsoro ba, ba masu gadi ba. Tun safe nake zaune ina tunanin in na yi magana zan ɓata miki wurin da kika sha wahala kika samu. Shi ya sa na yi ta jira ki zo da kanki. Da na ga za a rufe taro, na ce to, sai dai ta yi fushi da ni."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce ta tashi haka nan, ta kama masa tukunyar can, bayansa ya fara ciwo.

Ba ta samu muƙamin mataimakiya ba a shekarar. Hajiya ta gaya mata a fili cewa aikin mahaifinta bai dame ta ba ko kaɗan, ita ma ubanta direba ne. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne 'yar da za ta dubi ubanta ta kira shi mai kawo tukwane. Sakatariya ba ta yi musu ba.

Wata na gaba, ƙungiya ta gayyaci tsohon a matsayin baƙo mai jawabi. Ya ce shi bai iya tsayawa a dandamali ba, sai aka fito da kujeru harabar ɗakin karatun. Ya yi awa biyu yana zagayawa da su daga shuka zuwa shuka, yana nuna wadda ake dasawa kusa da yara da wadda ba a yi. Likitoci da lauyoyi suna biye da shi suna rubutawa.

Dakta bai zo ba. Amma a makon ya aiko da sabon dashe ɗari biyu zuwa makarantar, tare da saƙo cewa kada a sauke ko ɗaya daga mota sai dattijo ya duba. Tsohon ya je da 'yarsa. Suka duba su ɗaya bayan ɗaya, shi yana juya ganye, ita tana miƙa wa malamai. Ya ware guda uku da bai yarda da su ba, yara suka dasa sauran.

Darasi: Kada ka raina mai gaya maka gaskiya don rigarsa ko don ba shi da takardar makaranta, domin ilimin da bai hana ka sunkuyawa ka duba ba shi ne mai amfani. Kuma kada ka ji kunyar sana'ar da iyayenka suka rene ka da ita. Hannun da kake ɓoyewa daga abokanka shi ne ya kai ka cikinsu. In iyayenka suna raye, ka kira su yau. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake buƙatar jinsa.